Haƙorin Sidi da Aka Cire da Lafiyarsa

Da sunan Allah mai saukar da cuta, mai saukar da maganinta. Ni ce Ramatu, haifaffiyar Agadas, mai ɗinkin fata a bayan babban masallaci. Yau na tsufa, haƙoran da suka rage mini ba sa ko gaisawa da juna, daga kunu sai fura. Amma labarin haƙori zan bayar, na ƙanena Sidi, don wanda ya ji ya kiyaye. Haƙorin da ba ya ciwo, kada a bari kowa ya kai masa ƙarfe, ko da uban mutum ne ya ce a yi.

A hannuna Sidi ya tashi. Innarmu ta rasu yana goye, babanmu ya bi ta ba da jimawa ba, muka koma gidan Baffa Attahir, ƙanen babanmu, dillalin raƙuma. Saboda haka babu haƙori a bakin yaron nan da ban san fitowarsa ba. Biyun gaba na ƙasa su suka fara leƙowa lokacin da ya soma zama, da zawo da kukan da ya hana unguwa sakat. Ina murza masa dasashi da ɗan yatsa yana gartsa mini cizo. Fiƙoƙinsa da zazzaɓi suka zo. Da ya isa famfara, ni na ɗaure mai girgiɗin da zaren ɗinkina na fizge, na ce ya rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin, haƙori ya ƙi fitowa. Yini guda yaron nan yana yawo da hannu a baki, ko allonsa ya ƙi karantawa. Sababbin suka fito farare tas, da wushirya a tsakiya, wadda daga baya ta hana 'yan matan unguwa wucewa ta ƙofarmu ba tare da sun nemi ruwan sha ba. Turamen tauna suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe su ne na can ƙurya, waɗanda ba sa fitowa sai mutum ya zama saurayi. Na Sidi biyun ƙasa sun hudo da daminar shekarar da nake magana. Ya same ni ina jimar fata, ya wangale baki ya ce, "Yaya, duba ki gani, na cika mutum."

A lokacin Nasara sun yi 'yan shekaru a barikinsu na bayan gari. Da raƙuma suka fara, suna karɓa don ɗaukar kayan sojinsu, sannan suka koma kan masu jan raƙuman. Da ruwa ya ɗauke, labari ya zo cewa kowace unguwa za ta ba da samari su kai kaya Kawar can cikin hamada, garin Dirku da abin da ke gaba da shi. Cikin waɗanda aka ɗiba bara akwai waɗanda ƙishirwa ta riƙe a hanya, iyayensu ko kabarinsu ba su gani ba. Aka ce yara ƙanana ba a so, sai waɗanda suka kawo ƙarfi, kuma likitan bariki ne mai zaɓa. Wani da ya ga ɗiban bara da idonsa ya ƙara da cewa likitan yana buɗa bakin kowa ya leƙa.

Wannan maganar ce ta shiga kunnen Baffa. Shi kuwa Baffa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda akwai abin da ya shige masa duhu ba. Tun yana saurayi yake ɓare bakin raƙuma a kasuwa, kallo ɗaya zai yi wa haƙori ya faɗa maka shekarun dabba, kuma da wuya ya kuskure. Ya dawo gida ya zauna a kan buzu ya ce, "Mi shika nema cikin baki in ba shekaru ba? Raƙumi in ya hid da hiƙa ya isa kaya. Mutum ko turmin ƙurya ne shaidarshi. Annasaran ga dillanci ya sani." Ya dubi Sidi, ɗan siriri, gajere, ko gashin baki babu. "Wanga in ba don turamen nan biyu ba, wa zai ce ya wuce yaro?"

Na ce, "Baffa, Sidi fa ba raƙumi ba ne."

Ya ce, "Ke dai ji da ɗinkinki. Rigakahi ya hi magani."

Wurin wanzamin gidanmu ya fara zuwa, tsohon da ya yi wa Sidi kaciya. Wanzami ya duba bakin ya girgiza kai. Ya ce, "Attahir, ni ruɓaɓɓe nika cirewa, wanda ya riga ya saki. Haƙorin saurayi mai lahiya ƙashi na riƙe da shi, ba shi hitowa ta daɗi." Na ji sanyi a raina, na zaci magana ta mutu. Ashe Baffa jira yake in fita. Ranar da na kai matasan kai na fata kasuwa, ya ja yaron zuwa wurin wani maƙeri baƙo a gefen gari. Sidi bai yi gardama ba. Yana tsoron hamada kamar kowa, kuma bai taɓa ɗaga ido ya dubi Baffa ba balle ya ce a'a.

Na dawo na tarar da shi kwance a zaure, gaban rigarsa jini ya bushe, idonsa jawur. Mutum uku ne suka danne shi, maƙeri ya sa awartaki. Na hagu ya fito ɗungurungum. Na dama ya yi gardama, aka murɗa, aka ji ƙas. Baffa ya miƙo mini su a tsumma kamar wanda ya ciwo riba. Na buɗe na duba. Ɗaya da saiwarsa biyu dogaye, sun fi abin da ake gani a baki tsawo, abin da ban taɓa sani ba sai ranar. Ɗayan saiwa ɗaya ce da ɗan dungulmi.

Na ce, "Baffa, ina sauran?"

Ya ce, "Jiki ya narkad da shi."

Abin da na faɗa masa ranar ba na 'ya da uba ba ne, har maƙwabta suka leƙo. Na zuba haƙoran a 'yar jakar fata na rataya a wuya, na hura wuta na ɗora ruwa.

Kwanakin farko da ruwan ɗumi da gishirin Tigidda muka yi su, yana kurkurewa yana tofarwa, ina tura masa kanumfari a ramin. Ɓangaren hagu ya kame, ya fara haɗewa. Na dama kuwa zogi ya hau har kunne, daga kunne zuwa tsakar ka. Wani wari ya soma fitowa daga bakin, shi kansa yana kawar da kai in zai yi mini magana don kunya. Ranar ɗiba ta zo yana cikin zazzaɓi, kuncinsa kamar ya cusa goruba. Dogari ya shigo da wani soja, suka tsaya daga bakin ƙofa suka dube shi, sojan ya toshe hanci, suka juya. Baffa ya bi su da kallo har suka sha kwana, sannan ya ce, "To, wa ya ce dabarar tsoho ba ta ci ba?" Ni dai na lura ko bakinsa ba wanda ya buɗa, amma na haɗiye, don ni ma a ranar na yi murna da suka tafi ba da shi ba.

Buba suka ɗauka, ɗan maƙwabtanmu, abokin Sidi tun suna wasan ƙasa. Ya shigo sallama da salkarsa a kafaɗa, ya tsuguna ya ce, "Kai dai ka huta, ragon banza. In na komo ina kawo maka dabinon Kawar, ka warke ka samu abin tauna." Sidi ya so ya yi dariya, bakin ya ƙi.

Juma'a ta zagayo, muƙamuƙi ya kafe. Da farko yatsa biyu na shiga tsakanin haƙoransa, daga baya ɗaya, daga baya ko tsinke sai da dabara. Tuwo ya gagara, kunu mai kauri ya gagara. Na samo siririn kara na fafe shi, ta wushiryar nan da 'yan mata ke yabo nake ɗura masa nonon akuya kaɗan-kaɗan. Rabi ya shiga, rabi ya biyo gefen baki.

Masu dubiya kuwa kowa da maganinsa a baki, kai ka ce duk garin wanzamai ne. Wannan ya ce taba da kanwa. Waccan ta ce tsutsa ce ta shiga ramin, a yi masa turare ya shaƙa ta faɗo. Wani ya ce jinin da ya zuba a maƙera ne aka taka, sai an yi rubutu. Wani ya ce a yi masa lalas a kunci, aka kuwa yi, ƙaurin naman yaron nan har yau yana hancina. Duk na gwada, ban bar ko ɗaya ba, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Fatun da na jeme don aikin sallah suka tafi, mundayen azurfar Innarmu suka bi su. Ba na kukan wannan. Abin da ke ci mini rai shi ne masu zuwa su zauna su cinye mini rana da labarin wane da ya yi irin wannan ciwon ya mutu, a gaban mara lafiya.

Amma akwai waɗanda ba zan manta da alherinsu ba. Gwaggo Mariyama, yayar su Baffa, tsohuwa mai ɗingishi, ita ke ɗebo mana ruwa da jakinta, ita ke wanke tsummokaran da ni kaina sai na ɗauke numfashi nake taɓawa. Da masu lambu suka sauko daga Timiya ta samo rumman, ta matse ruwan muka ɗura masa. Shi ne abu na ƙarshe da na ga ya sha yana lumshe ido don daɗi. Sai wanzaminmu, wanda aka ƙi jin maganarsa, ya dawo ba wanda ya kira shi, bai kuma ce ai na faɗa ba. Ya taɓa kumburin a ƙarƙashin muƙamuƙi, ya yi sakiya. Abin da ya fito ya cika ƙoƙo. Sidi ya samu barci, washegari har ya tambayi ko an ji labarin ayarin su Buba.

Wanzami ya ja ni gefe ya ce, "Ramatu, kada sauƙin ga shi ruɗe ki. Guntun na ciki. Muddin shina nan, aikin banza muke. Ni aska gare ni, ba ta kai ga ƙashi. Kai shi bariki."

Nan aka yi ta. Baffa ya ce sai dai bayan ransa. In likitan Nasara ya ga ramukan nan biyu zai gane an yi ne don a ɓoye masa yaro, a kama shi Baffan, a kwashe raƙuman mutane da ke hannunsa, unguwa duka ta sha tara. Ya bi gida-gida ya faɗi haka, har ya zamana ba mai ba ni aron jaki, ba mai kama mini shi mu ɗauka. Mazan da suka danne shi a maƙera, ƙarfinsu ya ƙare da aka zo batun ɗaukarsa zuwa magani. Shi kansa Sidi ya riƙe mini zane, yana magana ta tsakanin haƙora, "Yaya, kada a kama Baffa don ni." Haka muka cinye wani makon cur muna jayayya a kan mutum yana narkewa.

Ramin sakiya ya toshe, kumburi ya dawo ya fi da. Ya gangara wuya, ya yi tauri kamar itace. Harshensa ya tasa sama, yawu ya gagara haɗiya sai dalala. Kwanciya ta gagara, in ya kwanta numfashi ya sarƙe, sai a zaune, bayansa a ƙirjina, yadda nake riƙe shi yana jariri. Wata safiya Gwaggo ta shigo da jakinta, ta sauke salkunan ruwa a tsakar gida, ta ce, "Ɗora shi. In Attahir na da magana shi zo shi same ni, ni na goye shi." Baffa yana zaure muka wuce ta gabansa, ni ina jan jaki, Gwaggo tana tallafe da Sidi tana ɗingishi. Bai tare mu ba, bai kuma tashi ba.

A bariki an jera mutane a jikin katanga. Soji ake fara gani, sannan matansu da 'ya'yansu, sannan mu 'yan gari in rana ta rage. Inuwa ta yi ta janyewa har ta bar mu a fili, na cire mayafina na yi masa rumfa. Ga mai gyambo, ga mai ciwon ido, kowa na matsawa nesa da mu saboda wari. Har rana ta take tsaka ba a zo kanmu ba. Sai wani soja baƙi, Babambare daga ƙasashen yamma, wanda ke yi wa likita fassara da 'yar gurguwar Hausarsa, ya fito zubar da ruwa. Ya ji yadda Sidi ke jan numfashi, ya tsaya, ya koma ciki da sauri, ya dawo ya ce mu shigo.

Likitan yaro ne, rana ta ƙone masa fuska ta yi ja. Ya taɓa wuyan, ya gwada buɗa bakin ya kasa. Ya tambayi abin da ya faru. Na kwance jakar wuyana na zazzage haƙoran a kan teburinsa. Ya ɗauki mai dungulmin ya jujjuya, ya yi wata doguwar magana. Mai fassara ya ce, "Ya ce haƙori ba dutse ba ne, abu ne mai rai. Farin da kike gani rufi ne. Ƙarƙashinsa akwai mai taushi, tsakiyarsa rami ne da jini da jijiya, su suka bi saiwa suka shiga ƙashi. Guntun da anka bari ya mutu a ciki, ya ruɓe, ya ruɓar da ƙashi, ruɓar ta bi ƙarƙashin harshe ta sauka wuya."

Aka fitar da mu ni da Gwaggo. Muna waje muna jin gurnaninsa, don ihu ba ya fita. Da aka kira mu, an tsaga wuyan an naɗe da farin ƙyalle, an shafe da wani jan magani mai yaji. Likita ya kama hannuna ya sa mini abin da ya ciro. Baƙi ne, bai fi ƙwayar dawa biyu ba. Wannan ɗan abin ne ya cinye mini yaro. Ya dubi Sidi, ya dube ni, ya ce a hankali, "Toro tar." Kalmar ta zauna mini har yau, ba na jin yarensu amma ita na riƙe. Na tambayi mai fassara, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya ce an makara."

Ban san inda na samu ƙarfin hali ba, na ce, "Tambaye shi, mi yake nema cikin bakin samari ranar ɗiba?" Likita ya yi mamakin tambayar, amma ya amsa. Wai dasashi yake dubawa da miki. Wanda dasashinsa ke jini ba zai jure doguwar tafiya da busasshen guzuri ba. Girma kuwa a ƙirji da kafaɗa yake gani. Na ce turmin ƙurya fa? Ya ɗaga kafaɗa. Wai wani yana fitar da shi da wuri, wani sai ya yi 'ya'ya, wani har ya mutu bai fito masa ba, ba mai auna shekarun mutum da shi.

Mai fassara ya dubi haƙoran da ke kan tebur, lafiyayyu ba ko ɗigon baƙi, ya dube ni. Na ga ya gane komai. Likita ya tambaye shi abin da ya sa nake wannan tambaya, ya ba shi wata gajeriyar amsa, ban san me ya ce ba, amma ba wanda ya zo neman Baffa, ranar ko bayanta. Ban san sunan sojan nan ba. Duk inda kabarinsa yake, Allah ya kai masa haske. Likitan ma na gode masa, hannunsa da sauƙi, bai karɓi komai ba, kullum da safe muka koma sai ya wanke ciwon da kansa. Amma shi ne dai mai tsayawa ya zaɓi 'ya'yan mutane kamar awaki, kuma ba don tsoronsu ba da ba wanda ya kai Sidi maƙera. Na gode masa, ban kuwa yafe musu ba.

Wuyan ya ɗan saɓe, numfashi ya daidaita, bakin ya buɗu har cokalin ƙoƙo na shiga. Na fara cewa ko Nasara ma yakan yi kuskure. Sai rawar ɗari ta zo, ya yi ta karkarwa cikin rana tsaka an lulluɓe shi da bargo, tari ya biyo baya, idonsa ya koma ɗorawa. Tafiya bariki ta gagara. Ranar wata Juma'a da hantsi yana jingine da ni, hankalinsa ya dawo tas. Na ji yana wasa da harshe a can ƙurya inda ramukan suke. Ya ce, "Yaya."

Na ce, "Na'am, Sidi."

Ya ce, "Wanga karon ƙadangare ya gani. Ba su sake hitowa."

Na ce masa ya yi shiru, sakarai, ya yi salati. Ya yi. Kafin ladan ya hau hasumiya ya cika, a ƙirjina.

Bayan sadakar uku na sami Baffa a zaure na faɗa masa abin da likita ya ce, kalma-kalma, ban rage ba. Ya ce, "Kwana ne ya ƙare, Ramatu." Na ce, "Na sani kwana ne, Baffa. Amma awartakin ba mala'ika ne ya riƙe ba." Garin neman gira aka rasa ido. Ban sake ɗaga masa maganar ba. Na ci gaba da dafa masa tuwo har ya koma ga Allah, ni na yi jinyarsa shi ma, amma tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Da zafi ya shigo ayarin Kawar ya dawo. Ba duka ba, unguwarmu an bar mutum biyu a rairayi, ba zan ɓoye wannan ba. Sauran suka iso a rame, ƙafafu duk faso. Ina tsakar gida ina yanka fata na ji sallama, muryar da na sani. Buba ne, ya yi baƙi ya bushe, bai ko shiga gidansu ba, da 'yar jakar dabino a hannu. Ya ce, "Yaya, ina ragon nan? Ga alkawarinshi."

Na ce masa ya zauna. Bai zauna ba. Ya dubi inda tabarmar Sidi take da, ya ga an naɗe ta an jingine. Jakar ta faɗi, dabino ya watse a ƙasa. Ya buɗe baki ya kurma ihu kamar ƙaramin yaro, ni kuwa maimakon in rarrashe shi sai na tsaya ina leƙen bakinsa kamar dillalin raƙuma. Haƙoransa suna nan cif, har na can ƙurya, duka huɗun.